Baƙon da Ya Zo Ganin Zauren Kakana

Ni mutum ne mai wasiwasi tun ina ƙarami. In na kulle ƙofa sai na dawo na ja kwaɗon na ji. In aka ba ni takarda in kai wani ofis, sai na tsaya a hanya na buɗe jaka na tabbatar tana ciki, in na yi gaba kaɗan in sake buɗewa. Abokan aiki suna yi mini dariya, amma wannan hali ne ya sa na daɗe ina aikin masinja ba a taɓa kama ni da ɓatan takarda ba. Shi ne kuma ya jawo abin da zan ba da labari, wanda har gobe ban manta da shi ba.

Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, amma an fara maganar tafiyarsu. Ina aiki a wani ofishin gwamnati a Kaduna, ina zaune a Unguwar Sarki da matata da mahaifina. Karatuna bai wuce elamantare ba. Hausa ina rubuta ta da boko yadda ya kamata, Turanci kuwa na aike nake ji: zo, je ka, kawo, dakata.

Baba ya zo Kaduna da ƙuruciyarsa, tun ana saran daji ana kafa garin. Ya yi leburanci, ya yi gadi, da ƙarfi ya ja baya ya koma ɗinkin hula a ƙofar gida. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa kiran Kaduna gida ba. In ya ce gida, ƙauyenmu yake nufi, can gaba da Rigachikun, a gindin wani babban dutse. In kuma ya ce zai koma gida, ba ƙauyen duka yake nufi ba, zauren ubansa yake nufi. Kakana ne ya gina zauren da hannunsa a lokacin da mutanenmu suka sauko daga kan dutsen suka zauna a ƙasa, tun kafin zuwan Turawa. A ciki Baba ya yi karatun allo, a ciki aka ɗaura masa aure, a ƙofarsa aka sallaci gawar ubansa. A shekarar da nake magana gwiwoyinsa sun fara ƙin ɗaukarsa, sai ya yanke shawara: da zarar damina ta ɗauke an yi girbi, zai tattara ya koma ya ƙarasa kwanakinsa a zauren nan. Ya sha faɗin haka a baya, amma wannan karon har ya fara sallamar masu kawo masa ɗinki.

Wajen ƙarshen rani aka kawo mana wani Bature ofis. Ba na Ingila ba ne, daga Amurka ya zo, wai zai yi 'yan watanni yana duba harkar noma. Dogo ne, ga yawan tambaya, yana koyon Hausa da wani ɗan littafi a aljihu. Yakan gaishe ni tun kafin in gaishe shi, abin da ya riƙa damuna, don ban san ko laifi ne a kaina ba.

Wata rana na kai masa shayi na tarar yana nuna wa babban akawunmu wasu katuna masu hotuna. Na ajiye zan fita ya ce in tsaya in gani. Gidaje ne na ƙasarsu, na mutanen da suka fara kafa ta. Akawu yana fassara mini. Ga gidan wani shugabansu na farko, ga gadon da ya mutu a kai, an gyara shimfiɗa an ja igiya a gaba don kada a taɓa. Ga tabaraunsa a kan tebur, ga takalmansa. Mutumin ya fi shekara ɗari da mutuwa, kuma kullum jama'a na zuwa daga nesa su yi layi su kalla.

Na riƙe baki. Na ce wa akawu, “Malam, tambaye shi, ba a raba gadon mutumin nan ba ne?”

Akawu ya yi dariya har ya dafa tebur, sannan ya fassara. Baturen ma ya yi dariya, ya ce an raba, amma daga baya aka bi aka tattaro kayan aka mayar inda suke. Ni dai abin bai ba ni dariya ba. Takalmin mamaci a ajiye ana kallo! Na yi ta tunanin abin har gida.

Baturen kuwa ya ce a ƙasarsu duk hutu haka yake yi, gidan tarihi zuwa gidan tarihi, kuma yana son ya ga irinsu a nan. Akawu ya ce ai ga ganuwar Zariya. Baturen ya ce ya gani, amma shi gidan talaka yake so, wanda mutum ɗaya ya gina da hannunsa kuma har yanzu yana tsaye. A nan ne bakina ya suɓuce.

“Akwai zauren kakana,” na ce.

Tun kafin in rufe baki na fara da-na-sani. Amma ya riga ya ciro ɗan littafinsa yana rubutawa.

Ranar Lahadi da la'asar sai ga motarsa a ƙofar gidanmu, ya zo gaishe da Baba. Unguwa ta fito kallo. Ni duk na ruɗe, na ɗauko kujera ɗaya tak da muke da ita, shi kuwa ya zauna a tabarma kusa da Baba, ƙafafunsa sun rasa inda za su shiga. Ya nuna masa katunan. Baba ya kai su kusa da ido yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan wani hoton dutse a bakin teku, an kewaye shi da ƙarfe. Na yi masa bayani yadda na ji: wai a kan dutsen nan ne kakanninsu suka fara taka ƙasa da suka sauka daga jirgin ruwa.

Baba ya ce, “To shingen fa? Gudu dutsen yake yi?”

Na rasa yadda zan juya wannan da Turanci, amma Baturen ya gane daga fuskar Baba, suka yi ta dariya su biyu. Daga nan Baba ya saki jiki. Bai taɓa kiran sunana ba, kasancewata ɗan fari, sai dai ya ce “kai.” Ya ce, “Kai, gaya masa namu dutsen ba ya bukatar shinge. Gaya masa akwai kogo a sama, inda mutane kan ɓuya in mahara sun zo. Gaya masa zauren nan ba a sa masa ƙusa ko ɗaya ba.”

Ya shiga kwatanta masa da hannu. Yadda rufin ya tashi kamar an kifa ƙwarya, azara a jere a ciki, hayaƙin wutar karatu ya mai da su baƙi ƙirin suna sheƙi. Zanen da Kaka ya yi a saman ƙofa da yatsunsa tun yaɓen yana ɗanye. Ƙyauren katako mai ɗamarar ƙarfe, wanda sai mutum biyu ke tura shi. Da wani ɗan lotsawa a daɓe, dama da ƙofa, inda Kaka ya yi ta zama har ƙasa ta ɗauki siffarsa. Rabin maganar ban iya fassarawa ba. Baturen dai yana ta gyaɗa kai yana rubutu. Aka tsayar da rana: bayan mako shida, in ya dawo daga rangadi.

Da motar ta tafi Baba ya ce, “Ka rubuta wa Baffanka. Baƙo ba ya faɗa wa mutane kamar ruwan bazara.”

Baffa ƙanen Baba ne, shi ke riƙe da gidan a ƙauye. Bai iya karatun boko ba. Duk takardar da ta je ƙauyenmu a ƙofar dagaci ake karanta ta, malamin dagaci ya ɗaga murya kowa ya ji. Na san da haka, kuma da wannan sanin na zauna rubutu.

Wasiƙa ta farko gajeruwa ce. Gaisuwa, sannan na ce wani baƙo daga ofishinmu zai zo rana kaza, a kasance a gida. Na kai ta bakin Babbar Kasuwa na ba wani direban babbar mota da ke zuwa Rigachikun ranar kasuwa, shi kuma ya ba mutanen ƙauyenmu. Ban ko iso gida ba wasiwasi ya taso. Na ce “baƙo” kawai. In suka ɗauka wani masinja ne irina fa? In muka je muka tarar Baffa ya tafi gona, awaki na kwance a zaure?

Mako na zagayowa na rubuta ta biyu. Na ce baƙon Bature ne, babba, daga wata ƙasa ta bayan teku, kuma ba wajen dagaci zai zo ba, ba wajen kowa ba, musamman saboda zauren gidanmu zai zo. A share, a tafasa ruwan sha.

Kwana uku na samu natsuwa. Daga nan na tuno tsagar da ke bangon gabas, da jemagun da ke rufin, da warin da suke bari. Na tuno gadon nan na cikin hoto, fes da shi. Na zauna na rubuta ta uku. Na ce zauren zai duba ciki da waje, har hoto zai ɗauka ya kai ƙasarsu a nuna wa jama'a. Na ce don Allah kada a ba mu kunya.

A ƙarshen wasiƙar nan na rubuta wani layi. Na ce, tsufan zauren yake son gani, don haka a bar shi yadda yake. Na karanta layin sau da yawa. Sai na ji muryar malamin dagaci yana karanta shi a gaban jama'a, na kuma ji abin da za a ce: ɗan Kaduna ya sa kaki ya kawo Bature ya kalli talaucin gidan ubansa, a yi hoto a kai waje a yi dariya. Wa zai yarda mutum mai mota zai baro ƙasarsa don ya ga tsohon bango? Ni kaina da na ga katunan ban gama yarda ba. Na yaga takardar, na sake rubuta ta ba wannan layin.

Ranar tafiya muka fita da sassafe, ni da Baturen da direban ofis. Baba ya rako mu har ƙofa da sandarsa yana cewa in gaishe da kowa, in kuma duba masa ko ɗakin baya zai zaunu kafin kaka. Muka wuce Kawo, muka wuce Rigachikun, muka saki hanyar Zariya muka shiga ta ƙasa. Zafin bazara ya fara tun hantsi. Ni a baya nake, ina ta lissafa abin da zai iya ɓaci: ko ruwan bai tafasa ba, ko kare ya yi haushi, ko wani ya roƙi Baturen wani abu. Duk abin da zai iya ɓaci na lissafa shi, ban da wanda ya ɓaci.

Dutsen ya fara bayyana, sannan kukokin bakin gari. Muka tarar da mutane a tsaye sun sha wanka, dagaci a gaba. Aka yi gaisuwa, aka rankaya gidanmu. Da muka sha kwanar masallaci wani abu ya haske mini ido. Na ɗaga hannu na kare. Na ɗauka mun ɓata hanya.

A inda zauren kakana yake, wani ɗaki ne a tsaye mai kusurwa huɗu, an shafe shi da farar ƙasa, an rufa masa kwano sabo fil, rana na dukansa. Ga taga mai katako shuɗi. Ga ƙofar kwano da sakata.

Ƙafafuna suka tsaya da kansu. Mutanen da ke bayana suka yi karo da ni. Na duba dama na ga rumbun maƙwabcinmu, na duba hagu na ga bishiyar ɗorawa da na sani tun ina yaro. Nan ne. Ban ɓata hanya ba.

Baffa ya fito daga sabuwar ƙofar da babbar riga, fuskarsa kamar ranar salla. Ya kama hannun Baturen da hannu biyu, sannan ya juyo gare ni ya rage murya.

“Ɗana, yaya ka gani? Mun fitar da kai kunya?”

Na tsaya ina kallon kwanon.

“Kai, dubi ɗan birni ya rasa ta cewa!” in ji Baffa, jama'a suka yi dariya. “Ka ɗauka sai a Kaduna ake kwano?”

Baturen ya duƙo ya tambaye ni da Hausarsa, “Ina tsohon zaure?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, nan ne.”

“Nan? A baya?”

“A'a. Nan.”

Ya dubi ɗakin, ya dube ni, ya sake duban ɗakin. Na ga lokacin da ya gane. Jan da ke fuskarsa ya sauka har wuya. Ya cire hularsa, ya sunkuya ya shiga, aka zaunar da shi a kan kujerar dagaci da aka aro. Ciki zafi kamar tanda, ga warin sabuwar ƙasa. Na duba dama da ƙofa. Daɓen a miƙe yake sumul.

Aka kawo fura, aka kawo tuwon shinkafa da kaji. Baturen ya ci, ya yaba. Da na samu sarari na ja Baffa bayan gida.

“Baffa, ina zauren?”

“Wane zaure? Ga shi kana gani.”

“Na Kaka.”

“Au, wancan. Ai wasiƙarka ta biyu na zuwa dagaci ya kira ni. Ya ce Bature zai zo takanas saboda zaurenku, ga tsaga, ga jemagu, kunyar ta gari duka ce. Muka ce a yi yaɓe a toshe. Ana cikin shawara sai ga ta uku, wai har hoto za a kai ƙasar waje. Sai na ce yaɓe ba zai yi ba. Na kira gayya. Kwana biyu muka kwantar da shi. Wallahi ginin nan ya ba mu wuya, ƙasar kamar dutse. Allah ya ji ƙan mahaifinmu, ya iya gini.”

“Ƙasar fa?”

“Mun kai gona. Ai ba takin da ya kai tsohon bango.”

“Azarar fa?”

Ya nuna da haɓa. Can gefe an yi wa awaki sabon garke. Baƙaƙen azarar nan ne a kakkafe, wata akuya tana susa a jikin ɗaya.

“Ƙyauren?”

“Katakon ya shiga murhu. Ƙarfen na ba maƙeri, ya fitar mana da fartanya huɗu.” Ya dube ni sosai. “Kai, lafiya? Ka yi fari kamar wanda ya ga maciji.”

Na ce, “Baffa, tsohon ya zo gani.”

“Wane tsoho?”

“Tsohon zauren. Don tsufansa ya zo. A ƙasarsu haka suke, tsohon gida suke bi suna kallo.”

Baffa ya dube ni. Sai ya yi 'yar dariya, yana jira in ce wasa nake. Da ya ga ban yi dariya ba, tasa ma ta ɗauke.

“Me zai gani a tsoho?”

“Ni ma ban sani ba, Baffa. Amma shi ya zo gani.”

“To me ya hana ka faɗa? Takarda uku ka aiko! Uku! Da ka ce tsohon yake so ai da na bar masa har da jemagun, ni ma na huta. Bijimina na noma na kai Rigachikun na sayar saboda kwanon nan. Damina ga ta a ƙofa.” Ya kama gemunsa. “Innalillahi. Kai da ka yi boko.”

Layin da na yaga yana nan a kaina kalma bayan kalma, amma ban iya gaya masa na taɓa rubuta shi ba.

Ya daɗe yana kallon garken awakin. Sannan ya gyara rigarsa ya ce, “To, baƙo yana ciki. Kada ya ga wani abu a fuskarmu.” Muka koma. Baffa da kansa ya roƙi a ɗauki hoton, tunda an ce za a ɗauka. Baturen ya tsayar da shi da dagaci a ƙofar kwanon, ya ɗauke su.

Bayan azahar muka hau dutsen, ni da Baturen kawai, don direba ya ce shi ba akuya ba ne. Hawan ya ɗauke mu lokaci. A sama na nuna masa kogon, bakinsa ƙarami, cikinsa kuwa zai ɗauki mutum da yawa, rufinsa baƙi da hayaƙin mutanen da. Na nuna masa ramukan da mata suka yi ta niƙa a jikin dutse har ya lotsa kamar akushi, da tushen bangayen duwatsu inda gidaje suke kafin a sauka. Ya durƙusa ya sa tafin hannunsa a cikin ramin niƙa, ya daɗe a haka. Ya ɗauki hotuna. Daga can sama ƙauyen duka launin ƙasa ne, sai wuri ɗaya da ke walƙiya.

Ya tsaya kusa da ni yana kallon wurin. Ya haɗa Hausa da Turanci ya ce laifinsa ne, da bai ce yana son gani ba da zauren yana nan. Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ce, “Ba ka gaya musu ba?” Na ce ban gaya musu ba. Bai tambaye ni dalili ba. Sai ya ce, “Babanka?”

Tun da na ga kwanon nake ture wannan tunani. Yanzu ya faɗe shi a fili.

Da za mu tafi Baffa ya riƙe ƙofar mota ya ce, “Ka gaya wa Yaya ɗaki na nan yana jiransa, ba yoyo, ba jemage.” Muryarsa ba irin ta safe ba ce. A hanya direba ya ce shi dai ginin ya burge shi.

Mun iso kafin magariba. Baba yana ƙofar gida a kan tabarmarsa.

“Kun dawo? Yaya mutan gida?”

“Lafiya lau, Baba. Suna gaishe ka.”

“Baƙon ya hau dutsen?”

“Ya hau. Har kogon ya shiga.”

“Madalla. Zauren fa, me ya ce?”

Na ce bari in yi alwala, lokaci ya gabato. Na shige.

Kwana huɗu ina wannan. In fita tun bai gama wuridi ba, in na dawo in ce kaina na ciwo. Ƙarya ban yi masa ba, na yi ta auna kowace kalma don kada ta zama ƙarya, amma na san abin da nake yi ɗan'uwanta ne. Matata, wadda na gaya wa tun ranar farko, ta ce, “Malam, in ba ka faɗa ba mutan ƙauye za su zo cin kasuwa su faɗa. Gara ya ji a bakinka.” Na san gaskiyarta. Amma duk lokacin da na tunkare shi sai in tarar yana wani shiri na tafiya. Rannan buzunsa na salla ya ba da a gyara. Wata rana kuma yana tambayar ko motar Rigachikun tana ɗaukar akwati.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zauna a gabansa, ba a gefe ba inda na saba. Ya ajiye hular da yake ɗinki.

Na gaya masa duka. Na fara da wasiƙu, ɗaya bayan ɗaya, har da layin da na rubuta na yaga, wanda ban gaya wa Baffa ba. Na gaya masa gayyar, da gonar, da garken awaki, da fartanya huɗu. Ban rage komai ba, don na san in na rage zan dawo in yi ta tunanin abin da na rage. Ina magana ina kallon tabarma.

Na gama. Na ɗaga ido. Bakinsa a ɗan buɗe yake, hannunsa na dama yana shafa ƙasa a gefen tabarmar, yana kai da komowa. Na ɗauka zai zage ni. Na so ya zage ni.

Can ya ce, “Duka?”

“Duka, Baba.”

“Har saman ƙofar?”

“Har nan.”

Wani mai tallan rake ya wuce, ya yi sallama, ba wanda ya amsa masa.

“Baƙon ya ci abinci?”

“Ya ci.”

“An ba shi wurin zama mai kyau?”

“An ba shi kujerar dagaci.”

Ya gyaɗa kai a hankali. “To Baffanka bai yi laifi ba. Da ni ne a gidan aka karanta mini takardun nan, abin da zan yi ke nan.” Ya ɗauki hular, ya nemi allurar, ya kasa kama ta. Na miƙa hannu zan taimaka ya ture. “Kai kuma ka ji kunyar abin da ba na kunya ba. Tashi ka ba ni wuri.”

Na tashi.

Bai sake ɗaga maganar ba, ni ma ban sake ba. Baturen ya gama watanninsa ya tafi. Kafin ya tafi ya so ya zo sallama, Baba ya ce a gaya masa ya gode, amma ba ya jin daɗin jikinsa. Damina ta sauka. Na aika wa Baffa abin da na iya don ya samu a yi masa huɗa, ya karɓa bai aiko da amsa ba. Baba kuwa ya ci gaba da karɓar ɗinki, har da na masu cewa ba sa sauri.

Da aka yi girbi na daure na same shi. Na ce na yi magana da direban motar Rigachikun, zai ba shi gidan gaba saboda gwiwarsa, kuma Baffa ya ce ɗaki na jiransa.

Bai ɗago daga ɗinkin ba. Ya ce, “In je in zauna a ina?”

Bai koma ba. Shekara biyu bayan nan ya rasu a ɗakinsa na Unguwar Sarki, muka binne shi a Kaduna.